Hausawa da Dagombawa a Tamale: Tarihin Zama, Ciniki da Auratayya



Tamale ita ce hedkwatar Yankin Arewa na ƙasar Ghana, kuma gari mafi girma a duk arewacin ƙasar. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen ƙwaryar birnin sun haura dubu 370, ban da na Sagnarigu da ke manne da shi. Masu garin Dagombawa ne. Mu Hausawa 'yan tsiraru ne a cikinsu, kamar 'yan Moshi da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa, sai dai hulɗarmu da su ta riga zaman Tamale birni da ɗaruruwan shekaru.

Mun tattara wannan bayani ne domin yaranmu da yawa sun tashi suna jin ana ce musu baƙi, alhali ba su san ta inda kakanninsu suka shigo ba, ba su kuma san alherin da masu gari suka yi wa kakannin nasu ba. Haka nan 'yan uwanmu na Kano da Katsina da Maraɗi sun san goron Gwanja, amma kaɗan ne suka san mutanen da ayarin goron ke ratsa ƙasarsu.

Su wane ne Dagombawa

Suna kiran kansu Dagbamba, harshensu Dagbanli, ƙasarsu kuma Dagbon. Babban sarkinsu shi ne Yaa Naa, wanda fadarsa ke Yendi, kusan kilomita 100 gabas da Tamale. Sarakunansu a kan fata suke zama, shi ya sa idan aka naɗa sarki a nan akan ce an ɗora shi a kan fata.

Tarihinsu yana hannun makaɗan fada da ake kira lunsi, waɗanda ke gadon sa baki da baki. Su ne ke ba da labarin Tohazie, wato Jan Maharbi, kakan gidan sarauta, wanda suka ce ya fito daga gabas ya biyo ta ƙasar Zamfara. Daga zuriyarsa aka sami Naa Gbewaa da ya zauna a Pusiga, 'ya'yansa kuma suka kafa masarautun Mamprugu da Dagbon da Nanun. Labarin baka ne, amma ya isa ya nuna cewa tun asali Dagombawa suna ambaton ƙasar Hausa a cikin tarihin kansu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga nan. A Dagbon ƙasa tana hannun sarakuna da masu kula da ita na gargajiya, wato tindana. Baƙo yana samun fili ne ta hanyar kai gaisuwa da goro fada. Yana iya gini, ya yi noma, ya bar wa 'ya'yansa gida, amma sarautar ƙasar ba tasa ba ce.

Hanyar Gwanja

Goro ne ya kawo mu. A kurmin Asante yake fitowa, ƙasar mutanen da Hausawa ke kira Tonawa, masu cin sa kuwa suna ƙasar Hausa da Barno. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, amma fataucin ya kai ƙololuwa ne a ƙarni na 19, bayan kafa daular Sakkwato. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da shi.

Ayari yakan tashi da madugu da jagaba da jakuna, ya yi watanni a hanya. Yakan haye Kwara, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ko ya bi ta ƙasar Gurma ya faɗa Sansanin Mango, daga nan ya shigo Yendi, sannan ya gangara Salaga, babbar kasuwar Gwanja, inda Tonawa ke kawo goro. Fatake sukan zo da turkuɗi da sauran tufafin Kano, da jar fata, da kanwa, da duwatsun ado, da dawaki. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana shi ake kira zango, kuma daga nan sunan unguwannin baƙi ya samo asali a duk faɗin Ghana.

Dagombawa sun ci moriyar wannan hanya. Sarakuna suna karɓar kuɗin wucewa, suna samun dawaki da manyan riguna, talakawa kuma suna sayar wa ayari hatsi da doya da ciyawa. Su kuma fatake suna samun tsaro da ruwa da masauki. Kowa ya san idan ɗaya ya ci amanar ɗaya, baɗi ayari zai sake hanya.

Wannan ciniki yana da baƙin shafi, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. A tsakiyar ƙarni na 18 Asante ta rinjayi Dagbon ta ɗora mata harajin bayi, Salaga kuma ta zama kasuwar bayi. A cikin ƙarni na 19 Zabarmawa irin su Alfa Hano da Gazari da Babatu suka shigo Dagbon da dawaki, daga baya suka riƙa kai hari ƙasar Gurunsi suna kama mutane. Babatu ya ƙare rayuwarsa a Yendi, ya rasu a 1907. Fataken Hausa sun saya, sun kuma sayar. Jikokin waɗanda aka kama suna nan tare da mu a sahu ɗaya, don haka wanda ke alfahari da zamanin madugai ya dace ya haɗa da istigfari.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ƙarfin Asante a arewa ya karye, goro ya fara bin wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga a kan sarauta, baƙi suka watse. Wasu suka nufi Kete-Krachi, cikinsu har da babban malami kuma marubuci Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Wasu suka yi Yendi da Kumasi da Accra. Ba da jimawa ba jirgin ruwa ya karɓe aikin jaki, aka riƙa ɗaukar goro daga gaɓar teku zuwa Legas. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma Kano ya kama cinikin gyaɗa.

Malamai da fada

Ba Hausawa ne suka fara kawo Musulunci Dagbon ba. Wangarawa sun riga mu. Sarkin da tarihi ke ambato a matsayin wanda ya fara karɓar Musulunci shi ne Naa Zanjina, wajajen shekarar 1700, kuma labarin ya danganta karatunsa da malaman Wangarawa na Sabali. A zamaninsa ne malaman Hausa suka sami gindin zama, musamman a Kamshegu kusa da Yendi, inda sarautar malanta ta Kamshe Naa ta samo suna. Makaɗa suna tuna Zanjina a matsayin sarkin da ya buɗe idon Dagbon, suna kuma jingina masa yaɗuwar kaciya da aikin wanzamai. Har yau mai aski da ƙaho da kaciya sunansa wanzam a bakin Dagombawa.

Tsarin zaman a fili yake. Malami yana yi wa sarki addu'a da rubutu, yana raɗa suna, yana ɗaura aure, yana sallar gawa. Sarki kuma yana ba shi kariya da fili da sadaka, wani lokaci har da 'ya. Sharaɗin da kowa ya sani ko ba a faɗa ba shi ne malami ba ya neman fata. Wannan iyaka ita ta sa aka daɗe ana zaune lafiya.

Ana ganin alamar wannan zama a bukukuwan shekara. Bikin Damba, wanda ya fi kowane girma a Dagbon, yana faɗowa ne a watan Rabi'ul Awwal, asalinsa kuma tunawa da haihuwar Manzon Allah da sunansa, ko da yake yau ya fi kama da bikin sarauta da hawan dawaki. A cikinsa akwai ranar tsince shinkafa da malamai ke jagoranta a ƙofar fada, wadda ake kira shinkaafa gahimbu. Ko a sunan ma ga kalmar Hausa nan zaune.

Yadda Tamale ta zama birni

A watan Disamba na 1896 Jamusawa suka ci Dagombawa da yaƙi a Adibo. A 1899 Ingila da Jamus suka raba Dagbon biyu: Yendi ta faɗa hannun Jamus, yammaci kuma, har da Tamale, ya faɗa hannun Ingila. Sai bayan yaƙin duniya na farko aka sake haɗe masarautar. Tamale a lokacin ƙaramin wuri ne mai kasuwa, ana ma cewa sunan yana nufin garin 'ya'yan kaɗanya. A 1907 Turawa suka ɗauke hedkwatar mulkin arewa daga Gambaga suka dawo da ita nan.

Da hedkwata ta zo, sai bariki ya zo. Rundunar da Turawa suka yi aiki da ita an san ta da sunan sojan Hausa, ko da yake ƙabilu da yawa ne a ciki, domin Hausa ce harshen bariki. Bayan soja sai mahauta da maɗinka da masu abinci da malamai da 'yan kasuwar da Salaga ta watsar. Sunayen unguwanni sun riƙe wannan tarihi: Hausa Zongo, Moshi Zongo, da Sabonjida, wato sabon gida. Sarkin Zango shi ke wakiltar baƙi, yana kai gaisuwa ga masu ƙasa: Gulkpe Naa, wanda Yaa Naa ke naɗawa, da Dakpema, wanda sunansa ke nufin dattijon kasuwa.

A nan ne zangon Tamale ya sha bamban da na kudu. A Kumasi ko Accra, zango unguwar Musulmi ce a tsakiyar mutanen da yawancinsu ba Musulmi ba, Hausa kuma ita ke haɗa kowa. A Tamale masu gari su kansu Musulmi ne, su ne kuma mafi yawan masu cika masallatai. Saboda haka abin da ya raba baƙo da ɗan gari a nan shi ne asali da ƙasa da sarauta. Addini kuwa haɗa su ya yi.

Kasuwa da sana'a

Kasuwannin Dagbon suna ci ne bi da bi, kowace bayan kwana shida, tsakanin Tamale da garuruwa irin su Savelugu da Kumbungu da Tolon da Nyankpala. A cikin birni kuwa babbar kasuwa da ta Aboabo kullum a cike suke. Dagombawa manoma ne: doya, masara, dawa, gyaɗa, shinkafa, waken suya. Matansu su ke riƙe da man kaɗanya da man gyaɗa da turara shinkafa. Sana'o'in da aka san Hausawa da su tun da can su ne goro, tufafi, ɗinki da aikin wuyan riga, dukanci, cinikin dabbobi, tsire, turare da littattafan addini.

Babbar gudummawar da fataken Hausa suka kawo ita ce tsarin mai gida da dillali. Baƙo ya zo da shanu ko goro, ya sauka wurin mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya wa mai saye idan bashi ne. Ba takarda, ba sa hannu. Jarin mai gida shi ne sunansa, ranar da ya ci amana kuwa kasuwarsa ta mutu. Da wannan tsari dabbobi daga Nijar da Burkina Faso da Mali suka daɗe suna gangarawa kudu, goro kuma yana haurowa.

Yau lamarin ya sauya. Dagombawa su ne mafi yawan 'yan kasuwar Tamale, su ke da manyan shaguna da motocin sufuri da rumbunan hatsi. Sana'ar da a da ake ce mata ta Bahaushe, yanzu kowa na yi. Amma sawun Hausa bai goge ba. Abincin da duk Ghana ke ci da sunan tuo zaafi tuwo ne da zafi, waakye shinkafa da wake ce, ga koko da ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli. Shugabar mata a kasuwa ko a unguwa magajiya ce. 'Yan matan arewa da ke dako a kasuwannin Accra da Kumasi, waɗanda da yawansu Dagombawa ne, ana ce musu kayayei, rabin kalmar kuma kaya ne na Hausa.

Wannan na ƙarshe abin lura ne. Badagombe da ya sauka kudu neman kuɗi sau da yawa a zango yake samun masauki, da Hausa yake ciniki, Bahaushe ne mai gidansa. Wanda ke mai gari a Tamale baƙo ne a Nima, wanda ke baƙo a Tamale kuma shi ke karɓar baƙi a can. Duk abin da ɗaya ya shuka a nan, ɗan uwansa zai girbe shi a can.

Harshe da aure

Wanda ya fito da sassafe a Tamale za a gaishe shi da dasiba, wato da asuba, shi kuma ya amsa da naa. Za a ce masa amaraba idan ya iso, gaafara idan ana neman hanya. Bikin suna suuna ne, ɗaurin aure kuma amiliya, daga amarya. Masu goge na fada suna saka Hausa a cikin waƙoƙinsu. Gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da Hausa da Dagbanli duka biyu, amma a makarantun gwamnati Dagbanli ake koyarwa, Hausa ba ta cikin harsunan da aka zaɓa.

A ɓangarenmu, ɗan zangon Tamale yakan tashi da Dagbanli a baki kamar kowane ɗan gari, sau da yawa ma ta fi Hausarsa ƙarfi. Dalili kuwa aure ne. Fatake maza ne suka zo, matan gari suka aura. Gida nawa ne a zango da ba a samun kaka Badagomba a cikinsa? Al'adun ma sun yi kama: ba 'yar uwar uba riƙon yarinya, komawar mai jego gidan iyayenta, durƙusa wa babba, kai goro neman aure. Wanda ya zagi Dagombawa a cikinmu, in ya bincika, dangin uwarsa ya zaga.

Inda aka sha wuya

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mafi tsananin jarrabawa ta zo ne daga gwamnati. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. A Tamale abin ya fi faɗawa kan Yarabawa, musamman 'yan Ogbomosho, waɗanda ke riƙe da rumfuna masu yawa a kasuwa, amma ya taɓa Hausawa da Zabarmawa da 'yan Moshi. Mutane sun sayar da gidaje da kaya a wulaƙance, wasu suka tafi ƙasar da ba su taɓa gani ba. Waɗanda suka yi auratayya da masu gari su suka fi samun mai tsaya musu. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, 'yan Ghana masu ɗimbin yawa suka dawo gida da jakunkuna. Ba wanda ya ci riba a kora biyun nan.

Tabon 1969 bai gama warkewa ba. Tsarin mulkin 1992 ya ba da 'yancin zama ɗan ƙasa ga wanda uba ko uwa ko kakansa ɗan Ghana ne, amma har yau mai sunan Hausa ko na Fulani yakan sha tambayoyi wurin neman katin ɗan ƙasa ko fasfo. A 2017 aka kafa asusun raya unguwannin zango, wanda ya nuna hukuma ta yarda cewa an bar su a baya. Matsalar fili ma tana ƙaruwa, domin birnin na faɗaɗa cikin sauri, goron da ake kai wa fada a da ya koma kuɗi masu nauyi, gidajen gado na zango kuma da yawa ba su da takarda.

An kuma sha saɓani a fagen addini. Bayan ziyarar Shehu Ibrahim Inyass a 1952 Tijjaniyya ta ƙara ƙarfi a ƙasar, kuma Shaikh Abdullahi Maikano ya yi fice wajen yaɗa ta. A Tamale, Afa Yusuf Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya kuma ya rasu a 2004, ya yi wa'azi da waƙe da Dagbanli yana sukar wasu ayyukan ɗariƙa da na gargajiya. Muhawarar ta yi zafi, wani lokaci har ta kai ga faɗa. Abin lura shi ne rabuwar ba ta bi layin ƙabila ba, kuma ta bar sakamako mai ɗorewa: Anbariyya da Nuriyya ta Shaikh Ibrahim Basha sun yaye dubban ɗalibai, sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987 ya haɗa karatun addini da na boko, yau kuma Dagombawa suna da manyan malamai nasu da muke zama gabansu mu ɗauki karatu.

Sai rikicin sarauta tsakanin gidan Abudu da gidan Andani. Ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe Yaa Naa Yakubu Andani na biyu a Yendi, aka sa dokar hana fita da ta daɗe tana takura kasuwa da masallaci a Tamale. Sai a watan Janairu 2019 aka naɗa Yaa Naa Abukari na biyu, bayan sulhun da Sarkin Asante da Nayiri na Mamprugu da Yagbonwura na Gwanja suka jagoranta. Tsohuwar ƙa'idar malamai ita ta fi amfani a shekarun nan: baƙo ba ya shiga rigimar fata, nasa addu'a da sulhu.

Abin da ya rage a kanmu

Musulunci ya riga ya ba mu misali. Da Muhajirai suka isa Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu da Ansar. Sa'ad ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mai gari ya buɗe hannu, baƙo ya kame kai ya nemi na kansa. Aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta bayyana cewa an yi mu ƙabila-ƙabila ne domin mu san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne.

Saboda haka muna tunatar da kanmu abubuwa huɗu. Na farko, mu bar girman kan da wasunmu ke yi na ganin Musuluncin Bahaushe ya fi na Badagombe. Na biyu, mu girmama sarakunan ƙasa, mu kai gaisuwa, mu halarci suna da jana'iza, mu kuma nisanci ɗaukar ɓangare a rigimar sarauta ko barin 'yan siyasa su yi amfani da matasanmu. Na uku, mu yi wa kowane jariri takardar haihuwa, mu nemi takardun gidajen gado tun dattawan da suka san iyaka suna raye, mu sa yara maza da mata makaranta, mu koya musu Hausa a gida ba tare da raina Dagbanli ba. Na huɗu, mu cika mudu da awo, mu biya bashi a kan lokaci, domin amana ce ta sama wa kakanninmu wurin zama a ƙasar nan.

Ga 'yan uwanmu Dagombawa kuma, muna tuna musu cewa gidan da ya yi shekara ɗari yana binne mamatansa a Tamale ya cancanci a daina tambayarsa yaushe zai koma.

Allah Ya zaunar da Dagbon da Ghana baki ɗaya lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da nasu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, Ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya. Amin.